Labarun Masu Ƙaga Kiɗa A Silimar Amurka

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Maganar nan gaskiya ce a kasuwa da gaban alƙali, amma a gidan silima ta kan zama tarko, domin abin da ido ya gani a allo ya fi abin da malami ya faɗa a aji zama a zuciyar yaro, ko da kuwa na allon shiri ne kurum. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattauna da 'yan'uwanmu malamai da akawuna a kan wani irin wasan silima da kamfanonin Holiwud ta Amurka suka yi ta fitarwa tun daga wajen 1938 har zuwa 1960, watau wasannin da aka gina bisa rayuwar mashahuran masu ƙaga kiɗa da waƙa.

Da fari sai mu san sana'ar mutanen. A wurin Turawa mai ƙaga kiɗa dabam ne, mai kaɗa shi dabam, ko da ya ke a kan sami wanda ya haɗa duka biyun. Suna da wani rubutu na ɗige-ɗige bisa layuka biyar, wanda da shi a ke rubuta sauti kamar yadda mu ke rubuta magana da baƙaƙe. Mutum ya zauna a ɗakinsa da alƙalami ya tsara abin da makaɗa sittin ko tamanin za su kaɗa tare, ya mutu, bayan shekara ɗari a ɗauko takardar a kaɗa yadda ya so. Aikin nan na zama ne da gyara da sake gyara, babu abin kallo a cikinsa. To, mai silima kuwa abin kallo ya ke sayarwa. Daga nan duk sauran zancen ya samo asali.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma kamfanonin nan ba don son tarihi suka shiga aikin ba. A 1927 kamfanin Warner ya fito da The Jazz Singer, wasan da ya buɗe ƙofar silima mai magana da waƙa. Nan da nan masu kamfanoni suka gane cewa waƙa haja ce, sai a 1929 Warner ya saye manyan gidajen buga takardun waƙa na Niyu Yok, irin su Harms da Remick da Witmark. Gidan Harms shi ne ya buga waƙoƙi masu yawa na George Gershwin da Cole Porter. Ashe ke nan da Warner ya shirya wasa a kan Gershwin a 1945, da wani a kan Porter a 1946, kayan rumbunsa ya fitar ya shanya a kasuwa: duk wanda ya fito daga kallo ya je ya sayi takardar waƙar, ko aka sa ta a rediyo, wani kaso na komawa aljihun kamfanin. Ban da wannan, a zamanin nan kowane babban kamfani yana riƙe da 'yan wasa da mawaƙa da makaɗa bisa yarjejeniya ta shekaru, yana biyansu albashi ko sun yi aiki ko ba su yi ba, yana kuma da gidajen silima nasa na kansa waɗanda tilas a ba su sabon abu kullum. Labarin mai ƙaga waƙa ya zama kamar zare da a ke shirya duwatsun wuya a kai. A ɗauko waƙa ashirin ko talatin da jama'a suka riga suka sani, a raba wa taurarin kamfani ɗaya ɗaya, a haɗa su da ɗan labari. Zaren ba shi a ke kallo ba, don haka ba wanda ya damu da ingancinsa.

Wasan da ya kafa wa na baya misali shi ne The Great Waltz na kamfanin MGM, 1938, a kan Johann Strauss ƙarami, mutumin Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda ya rayu daga 1825 zuwa 1899 ya kuma shahara da kiɗan rawa. A cikinsa akwai wani wuri da har yau masu sha'awar silima su ke ambato. Ga Strauss da wata mawaƙiya cikin keken doki da asuba suna ratsa dajin bayan gari. Kofaton doki ya ba da taki, tsuntsaye suka ba da murya, makiyaya suka busa ƙaho daga nesa, mai keke ya yi fito, kafin su fita dajin kiɗa ya haɗu cif. Haƙiƙa wurin yana da daɗin kallo, wanda ya ɗauki hoton ma, Joseph Ruttenberg, ya sami lambar yabo ta Oscar. Sai dai an sa tafiyar a kwanakin boren 1848, alhali kiɗan dajin Biyana a 1868 Strauss ya rubuta shi, tazarar shekara 20. Strauss ya yi aure sau uku, amma matar da aka ba shi a wasan, Poldi, ba ta cikin ukun, haka mawaƙiyar keken dokin ƙagaggiya ce. Mu yaba wa kamfanin a kan abu ɗaya: tun a farkon wasan ya rubuta a allo cewa ruhun mutumin ya nufa ya nuna, ba ainihin abin da ya faru ba. Amma wa ke tuna rubutun farko bayan ya ga keken doki?

Bari mu daɗe kaɗan a kan A Song to Remember, wanda kamfanin Columbia ya fitar a 1945 cikin hoto mai launi, domin shi ya fi nuna cutar da maganin gaba ɗaya. Labarin Frederic Chopin ne, a na faɗin sunan Shofan, gwanin piyano ɗan ƙasar Folan. An haife shi a 1810, ya bar Warso a Nuwamba 1830, ya sauka Faris a 1831, can ya rasu ran 17 ga Oktoba 1849 yana da shekara 39, bai sake ganin ƙasarsa ba.

Ga yadda wasan ya ba da labarin. Chopin saurayi ne mai kishin ƙasa, ya wulaƙanta gwamnan da Rasha ta ɗora wa Folan, ya gudu Faris tare da tsohon malaminsa Elsner. Can wata marubuciya mai suna George Sand, wadda ta ke sa tufafin maza, ta janye shi ta raba shi da malamin da batun ƙasarsa. Daga baya ya farga, ya shiga yawon kaɗa piyano birni birni a Turai don ya tara wa 'yan gwagwarmaya kuɗi, yana tari, har jini ya ɗiga bisa fararen maɓallan piyano, ya faɗi ya mutu.

Ga kuma abin da takardu suka nuna. Jozef Elsner ba tsoho ne mai ban dariya ba kamar yadda Paul Muni ya fito da shi. Shugaban makarantar kiɗa ta Warso ne, ya koyar da Chopin daga 1826 zuwa 1829, bai kuwa bi shi Faris ba. A Folan ya zauna har ya rasu a 1854. George Sand kuwa, wadda aka mai da ita muguwar wasan, ta zauna da Chopin daga 1838 zuwa 1847, kuma a gidanta na ƙauyen Nohant, inda ya kan yi bazara yawancin shekarun nan, ya rubuta da yawa daga cikin manyan ayyukansa. Mashahurin kiɗan nan na rawar mutanen Folan, wanda wasan ya nuna kamar ita ce ta hana shi gamawa, a 1842 ya rubuta shi, tsakiyar zamansu tare. Batun yawon birni birni kuma, Chopin mutum ne da ba ya son babban taro, duk rayuwarsa bai kaɗa a bainar jama'a fiye da sau talatin ko kusa da haka ba. Ɗan gaskiyar da ke cikin labarin ita ce a 1848 ya yi wata bakwai a Ingila da Sikotilan yana fama da ciwo, ya kuma yi kiɗansa na ƙarshe a gaban jama'a a Landan ran 16 ga Nuwamba don taimakon 'yan gudun hijirar Folan. Kishin ƙasarsa ma gaskiya ne, gama bayan rasuwarsa 'yar'uwarsa Ludwika ta ɗauki zuciyarsa ta kai Warso, tana nan ajiye cikin ginshiƙin wata majami'a.

Me ya sa aka juya labarin haka? A dubi shekarar. A 1945 a na cikin yaƙin duniya na biyu, Folan ta sha mamayar Jamus tun 1939, Jamusawa sun fasa mutum-mutumin Chopin da ke Warso a 1940, sun kuma rushe birnin bayan boren 1944. Masu wasan suna so su ce wa mai kallo na lokacin, gwani ba shi da ikon ɓuya a ɗaki sa'ad da ƙasarsa ke ƙuna. Niyya ce mai kyau, ba mu musa ba. Amma don a isar da ita sai da aka ɓata sunan mace wadda ta yi jinyar mutumin shekara da shekaru.

Wani abu kuma da zai ba masu karatu mamaki: Chopin na allo mutum uku ne. Fuskar ta Cornel Wilde ce. Sautin piyano na José Iturbi ne, wanda ba a rubuta sunansa a wasan ba domin yana ƙarƙashin yarjejeniyar MGM. Hannuwan da a ke nunawa kusa kusa kuwa na wani makaɗi ne dabam.

To, yanzu mu zo kan abin da ya fi damunmu mu da mu ke horar da malamai. Sauya shekara da ƙaga budurwa ƙananan laifuka ne, littafi ɗaya ya isa ya gyara su. Babban laifin wasannin nan shi ne abin da su ke koya wa yaro game da yadda a ke yin aiki. Kullum gwani yana zaune, sai tsuntsu ya yi kuka ko agogo ya buga, sai waƙa ta sauko masa cikakkiya. George Sand, wadda ta ga Chopin yana aiki da idonta, ta ba da labari cikin tarihin rayuwarta cewa sautin ya kan zo masa farat ɗaya, amma sai ya kulle kansa a ɗaki kwana da kwanaki yana kai da kawowa, yana karya alƙalami, yana sauya gaɓa ɗaya sau da yawa, har shafi guda ya ci masa mako shida. Abincinsa ma daga koyarwa ya ke samu, faranka 20 kowane darasi, ɗalibi bayan ɗalibi. Watau malami ne kamarmu, amma kamfanin Columbia bai ga abin nunawa a wannan ba.

Haka Gershwin. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya kama aiki a gidan Remick, yana wuni a bakin piyano yana kaɗa waƙoƙin wasu don masu saye su ji, a kan dala 15 a mako. A 1918 gidan Harms ya ɗauke shi a kan dala 35. Bayan ya shahara ya yi kuɗi bai daina neman malamai ba. Daga 1932 zuwa 1936 yana ɗaukar darasi wurin Joseph Schillinger. Gaskiya ne shi da kansa ya ce a cikin jirgin ƙasa zuwa Boston, yana jin ƙarar ƙafafun jirgin, ya hango tsarin kiɗansa Rhapsody in Blue, wanda aka fara kaɗawa ran 12 ga Fabrairu 1924. Ke nan labarin kofaton doki ba ƙarya ce zalla ba. Amma mutum nawa ne ke cikin jirgin nan, kuma nawa suka sauka da kiɗa? Wanda ya yi shekara goma yana shiri shi ne ya ji abin da sauran ba su ji ba. Wasan 1945 ya gwammace ya ƙaga masa 'yan mata biyu da ba a taɓa yi ba, shi da ya rasu bai yi aure ba a 1937, da ƙari a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 38.

In mai labarin yana da rai, ko iyalinsa na kusa, sai wani dalilin ya ƙaru, domin da izininsu a ke amfani da waƙoƙin, kuma ba mai ba da izini a tona masa asiri. George M. Cohan, wanda aka yi Yankee Doodle Dandy a kansa a 1942, ya yi ta faɗi cewa ran 4 ga Yuli aka haife shi, ranar bikin 'yancin Amurka, wasan kuma ya bi shi a haka. Takardar majami'ar da aka yi masa wankan suna ta ce 3 ga Yuli 1878. Akawunan da ke riƙe da rajistar haihuwa sun san wanne za su gaskata. Ya auri mata biyu, ɗaya bayan rabuwa da ɗaya, aka narke su aka fito da mace guda mai suna Mary. Matar farko, Ethel Levey, ta kai kamfanin ƙara, ba ta ci nasara ba. Duk da haka mu a ganinmu wannan ya fi sauran wasannin irinsa armashi, saboda rawar James Cagney, wanda ya ci Oscar da ita. Cohan ya rasu a Nuwamban shekarar, watanni kaɗan bayan fitowar wasan.

Na Cole Porter, Night and Day, ya fi kowanne nisa da gaskiya. Porter gajere ne, aka ba Cary Grant mai tsawo matsayinsa. An nuna ya ji rauni a yaƙin duniya na farko, yana jinya ya ji bugun agogo da ɗigar ruwan sama, sai waƙar da wasan ya ci sunanta ta zo masa. Ita kuwa a 1932 ya rubuta ta domin Fred Astaire, shekara 14 bayan an gama yaƙin. Raunin gaskiya a 1937 ya same shi, doki ya faɗa masa ya ragargaza ƙafafunsa biyu, aka yi masa aiki fiye da sau 30, a 1958 aka yanke ta dama. Akwai kuma abin da ba shi yiwuwa a faɗa a lokacin: sha'awar Porter ga maza ta ke, matarsa Linda kuma ta sani. Tun 1934 a na tilasta wa kamfanoni bin wata dokar tace wasanni wadda ta hana ko ambaton irin wannan, ba a yar da ita ba sai 1968. Sai a 2004 aka sake yin wasa a kansa, De-Lovely, wanda ya taɓo batun. Jerome Kern kuwa matsalarsa dabam ce: mace ɗaya ya aura tun 1910, ya zauna lafiya, ba rigima. Da MGM ya rasa abin da zai ja hankali sai ya ƙaga masa wani amini da 'yarsa mai taurin kai, aka cika Till the Clouds Roll By da su a 1946, shekara guda bayan rasuwarsa.

Ba za mu wuce ba mu ambaci rabon baƙar fata ba, tun da yawancin kiɗan da Amurka ke alfahari da shi daga wurinsu ya samo tushe. A wasan Gershwin, Al Jolson ya fito da fuska shafe da baƙi yana kwaikwayonsu. Lena Horne, mawaƙiya baƙar fata ta kamfanin MGM, sau da yawa a kan shirya waƙarta a ware daga labari, yadda gidajen silima na jihohin kudu za su iya yanke ta ba tare da an lura ba. Sai a 1958 kamfanin Paramount ya yi St. Louis Blues a kan W. C. Handy, ɗan limamin majami'a daga Alabama wanda ya taɓa koyar da kiɗa a kwaleji ya kuma kafa gidan buga waƙa nasa. Nat King Cole ne ya fito a matsayinsa, tare da Ella Fitzgerald da Mahalia Jackson da Eartha Kitt. Handy ya rasu a Maris na shekarar, kwanaki kaɗan kafin a fara nuna shi.

Kada mai karatu ya zaci muna cewa a guji wasannin nan. An ce ƙarya fure ta ke yi ba ta 'ya'ya, amma wannan ta ɗan yi. Bayan wasan Chopin, faifan garmaho na Iturbi ya sayu fiye da miliyan ɗaya, mutanen da ba su taɓa shiga zauren kiɗa ba suka san sunan mutumin Folan. A wasan Gershwin kuma abokinsa Oscar Levant ne da kansa ke kaɗa piyano, Paul Whiteman wanda ya shugabanci makaɗa a 1924 shi ne ya sake tsayawa gabansu, wannan kuwa ajiya ce mai daraja. Kiɗan na gaskiya ne, gwanaye ne suka kaɗa shi. Labarin ne ya kamata a ɗauka kamar kirari, wanda kowa ya san maroƙi ba shaida ya ke bayarwa ba. Malamin da zai nuna wa 'yan aji irin wannan wasa, shawararmu ita ce ya ba su aiki kafin a kashe fitila: kowa ya rubuta abu uku da wasan ya faɗa, shekara ko suna ko wuri, gobe a bincika a littafi a ga nawa suka tsaya. Yaron da ya kama kamfanin Columbia da hannunsa yana kai Elsner Faris ya koyi abin da zai amfane shi a kan jarida da rediyo ma.

Abin da ya kashe wasannin nan shi ne abin da ya haife su, watau ciniki. A 1946 ne masu zuwa silima a Amurka suka kai matuƙar yawansu. A 1948 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke hukuncin da ya sa manyan kamfanoni suka rabu da gidajen silimarsu, talabijin kuma ya shiga gidaje, samari suka koma wa wani sabon kiɗa. Kamfanin da ba shi da tabbacin kasuwa ba ya iya ciyar da makaɗa da mawaƙa shekara da shekaru, sai aka yi ta sallamarsu. Charles Vidor, wanda ya shirya wasan Chopin, ya koma ga irinsa a kan Franz Liszt, Song Without End, amma ya rasu a Biyana a 1959 a na tsakiyar ɗauka, George Cukor ya ƙarasa, aka fitar a 1960. Shi kuwa wasan Kern, MGM bai sabunta rajistar mallakarsa ba da wa'adinta ya cika, don haka hoton ya zama na kowa a Amurka.